TM ta Maharishi: natsuwa ce kawai, ko akwai ibada a ciki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, shekarata ta huɗu ke nan. Aikin dare ya lalata mini barci, kuma kwanan nan aka ce jinina ya fara hawa. Wata abokiyar aikina ta ce in koyi wani abu da ake kira Transcendental Meditation, TM a taƙaice, wai minti ashirin safe da yamma ya canza mata rayuwa. Na je taron gabatarwarsu, sun ce ba addini ba ne, kimiyya ce zalla, kowa na iya yi. Amma sai aka ce ranar koyarwa in zo da furanni da 'ya'yan itace da farin hankici, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah mene ne asalin abin nan, yana aiki da gaske, kuma me za a yi da furannin?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ƙara lafiya, ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kike yi a kan marasa lafiya lokacin da kowa ke kwance.

Tambaya uku kika ƙunso wuri ɗaya: daga ina abin ya fito, ko yana yi wa jiki amfani, da kuma ko furannin nan na ibada ne. Na lura ta ukun ce ta hana ki sukuni, kuma ita zan fi daɗewa a kai. Sai dai ba za a gane ta ba sai an san mutumin da ya zo da abin, domin TM tana da shehi, tana da silsila, tana da ƙungiya mai dukiya da makarantu.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Aikina duba masu fama da damuwa da firgici da rashin barci, kuma a Indiya na yi digirina na biyu, inda na fara haɗuwa da mabiyan irin waɗannan ƙungiyoyi ido da ido. Ban taɓa karɓar TM a hannun malaminsu ba. Abin da zan faɗa game da ɗakin koyarwa ya fito ne daga bayanan da aka gabatar a kotu, da bakin tsofaffin malamansu da suka fita, da mutanen da suka koya suka zo wurina daga baya. Kuma ni ba mufti ba ne. Zan shimfiɗa miki abin yadda yake, hukuncin shari'a kuwa na malamai ne.

Mutumin da ya zo da ita

Sunansa na asali Mahesh Prasad Varma, an haife shi a tsakiyar Indiya wajen 1918. Ya karanta fiziks a Jami'ar Allahabad, kuma ki riƙe wannan, domin harshen kimiyya da kika ji a taronsu a nan ya samo tushe. Bayan karatu sai ya tare a wurin wani babban malamin addinin Hindu, Swami Brahmananda Saraswati, wanda ya hau kujerar Shankaracharya ta Jyotir Math a tsaunukan Himalaya a 1941. Wannan kujera ɗaya ce daga cikin huɗu mafi girma a mazhabar Advaita Vedanta. Mahesh ya yi masa hidima kamar shekara goma sha uku, yana yi masa aikin magatakarda. Shi ne wanda mabiya TM ke kira Guru Dev, kuma hotonsa za ki tarar a kan teburi ranar da za ki kai furannin.

Da malamin ya rasu a 1953, Mahesh bai gaje shi ba, don kujerar ta 'yan ƙabilar Brahmin ce, shi kuwa ba daga cikinsu ya fito ba. Ya shiga halwa a Uttarkashi kusan shekara biyu, sannan a 1955 ya gangara kudancin Indiya ya fara koyarwa a Kerala. A 1957 a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, ya kafa ƙungiyarsa ta farko, da sunan da ma'anarsa ita ce farfaɗo da ruhin ɗan Adam. A 1958 ya kama hanyar zagaya duniya, ta Rangun da Singafo da Hong Kong da Hawayi, ya isa Kalifoniya a 1959. A wannan tsakanin ne aka fara kiransa Maharishi Mahesh Yogi, wato babban mai gani.

Dole in ba shi haƙƙinsa a wuri ɗaya. A al'adar da ya taso, zurfafa cikin irin wannan aiki na waɗanda suka saki duniya ne, suka bar aure da kasuwa suka shiga kogo. Shi sai ya ce a'a, magidanci ma na iya yi, ba sai ya bar nama ba, ba sai ya sauya tufafi ko ya naɗe ƙafafu ba, ya zauna a kujerarsa kawai minti ashirin kafin ya fita aiki, minti ashirin kafin cin abincin dare. Wannan sauƙin shi ya sayar da TM a ƙasashen Turawa, ba wani sirri ba.

Sai kuma mawaƙan Beatles suka zo suka ɗaga shi sama. Sun haɗu da shi a Landan a watan Agusta 1967, suka bi shi garin Bangor da ke Wales, sannan a Fabrairu 1968 suka tafi zawiyarsa da ke Rishikesh a bakin kogin Ganga. Zaman bai ƙare da daɗi ba, biyu daga cikinsu da suka rage a ƙarshe sun bar wurin cikin fushi saboda wani zargi kan mu'amalarsa da wata ɗaliba, zargin da ba a tabbatar ba, kuma daga baya wasunsu suka ci gaba da yabonsa. Amma kafin nan hotunan sun riga sun zagaya duniya. Na je wurin nan da kaina. Yanzu kango ne a cikin gandun dajin Rajaji, an buɗe shi ga baƙi a 2015, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙananan ɗakunan dutse masu kama da rumbu, kowanne na mutum ɗaya ya shiga ya rufe ido. Wanda ya tsaya a wurin ba zai yi shakkar cewa gidan ibada ne aka gina ba.

Abin da ya faru bayan 1968 shi ne mabuɗin amsarki. Maharishi ya fahimci cewa da kalmar ruhi da sunan Ubangiji ba zai shiga makarantun gwamnati da barikin soja da ofisoshin kamfanoni a Amurka ba. Sai harshen ƙungiyar ya sauya. A 1970 wani almajirinsa, Robert Keith Wallace, ya wallafa bincike a mujallar Science yana nuna cewa numfashi da bugun zuciya suna sauka lokacin TM. Aka tsara darasi mai suna kimiyyar basirar ƙirƙira, malamai suka koma sa kwat da nakatayi, aka kafa jami'a wadda ta tare a garin Fairfield na jihar Iowa a 1974. Da ya fito a shirin talabijin na Merv Griffin a 1975, dubun dubatar mutane suka riƙa koyo a kowane wata. Maganar "ba addini ba ne" da kika ji, a wannan zamanin ta zama take. Dabarar da bikin furannin ba su canza ba, tufafin ne aka canza.

Yadda ake yin ta

Mu a Hausa mukan ce zuzzurfan tunani, amma sunan bai dace da TM ba, don ba tunani ake so a yi ba. Ba tafakkuri ba ne, ba a nazarin wata aya ko wata ma'ana. Mutum zai zauna ya jingina, ya rufe ido, ya bar wata gajerar kalma da ake kira mantra ta riƙa maimaituwa a zuci ba tare da motsa leɓe ba. Ba a tilasta wa kai, ba a korar tunani. In hankali ya tafi ga kuɗin haya ko wani majinyaci, da zarar an farga sai a komo kan kalmar a hankali. Suna cewa kalmar za ta yi ta dushewa har mutum ya wuce tunani gaba ɗaya, ya isa wani wuri da suke kira tsantsar sani, inda ana farke amma babu abin da ake tunawa. Ana koyarwa a kwana huɗu a jere, kowace rana awa ɗaya zuwa biyu, sannan a riƙa komawa ana duba mutum.

Wannan tsantsar sanin ba kalmar asibiti ba ce. A koyarwar Advaita Vedanta, haƙiƙanin ran mutum da Brahman, wato asalin dukkan samuwa, abu ɗaya ne, kuma jahilci ne ya sa mutum ke ganin kansa daban. Abin da Maharishi ya kira tushen tunani ko filin samuwa, wannan aƙidar ce da sabon suna. Mai koyon farko ba a cika yi masa wannan bayani ba, kuma mutane da yawa suna tsayawa a minti ashirin ɗinsu har abada ba su taɓa jin sa ba. Amma wanda ya ci gaba zuwa manyan darussa zai tarar da shi a fili.

Furannin da hankicin

Ga abin da za a yi da su. Ranar farko za ki cire takalmi ki shiga ɗaki ke da malami kaɗai. Akwai teburi da farin ƙyalle, a kansa hoton Guru Dev, da kyandir, da turaren wuta, da kafur, da shinkafa, da ruwa. Za a ba ki fure ɗaya ki riƙe, ki tsaya a gefe. Malamin zai rera waƙa da harshen Sanskrit na 'yan mintoci, yana ajiye kayan ɗaya bayan ɗaya a gaban hoton, har da 'ya'yan itacenki da hankicinki. A ƙarshe zai durƙusa, ya yi miki nuni da hannu ko za ki durƙusa tare da shi, sannan ya fara furta kalmarki a hankali har ki kama. Sunan bikin puja, kuma ita ce kalmar da Hindu ke amfani da ita ga bautar da suke yi a gida da wurin ibada.

Ƙungiyar tana cewa wannan godiya ce kawai ga malaman da suka gabata, malamin ne ke yi, ɗalibi ɗan kallo ne. Na yarda malamansu da yawa haka suka ɗauke shi tsakani da Allah, ban ce maƙaryata ba ne. Amma ba a fassara wa ɗalibi waƙar, kuma fassararta tana nan a takardun kotu. Tana farawa da sunan Narayana, wato Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, sai Brahma da suke kira mahalicci, sai jerin malamai irin su Vasishtha da Vyasa da Shankara har zuwa Guru Dev, kuma kalmar da ke ta maimaituwa ma'anarta ita ce na rusuna. A wani baitin ana siffanta malamin da ɗaukakar Brahma da Vishnu da Shiva. Kuma babu yadda za a yi a ba ki kalmar ba tare da an yi bikin ba, malamai alkawari suka ɗauka kan haka. Abin da ba a iya tsallakewa, kuma da kayanki ake yin sa, ni a ganina ba za a kira ki 'yar kallo a cikinsa ba.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. A jihar New Jersey wasu iyaye sun kai ƙara saboda ana koyar da TM a makarantun sakandare na gwamnati. A shari'ar Malnak da Yogi, kotun tarayya ta yanke a 1977, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1979, cewa darasin tare da bikin abu ne na addini, don haka tsarin mulkin Amurka bai yarda a koyar da shi a makarantar gwamnati ba. Maganar ta sake tasowa a birnin Chicago a farkon shekarun 2020, inda tsofaffin ɗalibai, ciki har da Kirista da Musulma, suka kai ƙara kan wani shiri makamancin wannan, aka ƙare da biyansu diyya. A ɓangaren Kiristoci ma, Kadinal Jaime Sin na Manila ya fitar da sanarwa a 1984 cewa TM ba ta dace da Kirista ba.

Saura kalmar kanta. Ana gaya wa ɗalibi cewa sauti ne marar ma'ana, an zaɓa masa shi kaɗai, kada ya gaya wa kowa. Tsofaffin malamai sun bayyana cewa daga wani gajeren jeri ake ɗaukowa bisa shekarun mutum, a wasu lokutan da jinsinsa, kuma mujallar Omni ta buga jerin guda 16 a 1984. Ke nan duk sa'o'inki da suka koya a wurin malami ɗaya, wataƙila kalma ɗaya kuke riƙe da ita. Batun rashin ma'ana kuwa, gaskiya ne ba za ki same su a ƙamus ba, amma sautuka ne da aka daɗe da sani a addinin Hindu da sunan mantra na iri, kuma kowanne ana jingina shi ga wani abin bauta: aim ga Saraswati, shrim ga Lakshmi, krim ga Kali. Maharishi da bakinsa, a jawabin da ya yi a Kerala a 1955 kafin ya fuskanci Turawa, ya ce suna zaɓen kalmomin abubuwan bauta ne don su jawo wa mai yi tagomashinsu.

Wanda ya taso a ƙasar Hausa zai ga tsarin bai yi masa baƙo ba: shehi, silsila, muƙaddami mai izini, wuridi safe da yamma. Na kawo wannan ne don ki gane irin ginin, ba don in daidaita su ba. Bambancin da ya fi damuna shi ne, wanda ya je karɓar wuridin ɗarika ya san abin da zai furta, ya san ma'anarsa, ya san wa yake kira. A nan kuwa za ki biya, a yi biki da harshen da ba ki ji, a ba ki kalmar da aka ce kada ki bincika da kowa. Sayen kifi a ruwa ke nan, kuma mutum yana da haƙƙin sanin abin da zai riƙa nanatawa a zuciyarsa sau biyu kullum.

To, tana aiki?

Tana yi, amma ba kamar yadda ake tallata ta ba. Abokiyar aikinki ba ƙarya take yi ba. Duk wanda ya zauna shiru minti arba'in a rana, ya ajiye waya, numfashinsa ya lafa, zai ji canji. Jiki yana da tsarin da ke tayar da shi lokacin haɗari, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure, yana kuma da tsarin da ke kwantar da shi. Aiki irin naku yana barin na farkon a kunne dare da rana. Maimaita sauti ɗaya yana ba hankali ɗan abin riƙewa, sai saƙar zuci ta ragu, na biyun ya samu damar aiki.

Kan hawan jini, binciken da aka tattara yana nuna saukar kamar maki huɗu zuwa biyar a lambar sama. Ba abin rainawa ba ne, amma rage gishiri da tafiyar ƙafa ma suna kawo kwatankwacinsa. A 2013 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce ana iya duba yiwuwar amfani da TM a matsayin ƙari, kuma matakin da ta ba shawarar mai rauni ne. Akwai wani bincike na 2012 kan baƙar fatar Amurka 201 masu ciwon zuciya, wanda ya ce haɗarin mutuwa da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ragu da kashi 48 cikin ɗari. Za ki ji shi a bakinsu sosai. Sai dai mutanen kaɗan ne, kuma jagoran binciken ma'aikacin jami'ar Maharishi ne. Wannan ita ce matsalar da ke bin yawancin ɗaruruwan binciken da suke ambato: 'yan gida ne suka yi su. Da masana daga Jami'ar Johns Hopkins suka tace gwaje-gwaje 47 a 2014, ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa salon maimaita mantra yana rage damuwa fiye da abin da aka gwada shi da shi. A gefe guda, wani gwaji na 2018 kan tsofaffin sojojin Amurka masu ciwon firgici ya nuna TM ba ta gaza maganin da aka saba yi musu ba, kuma na ɗauki wannan sakamakon da muhimmanci.

Wanda ya fi warware mini zare shi ne Herbert Benson, likitan zuciya a Harvard. Da masu TM ya fara bincikensa, tare da Wallace. Daga baya ya ce bari ya cire bikin da kalmar sirrin, ya sa mutane su maimaita kalmar Turanci mai ma'anar ɗaya. Sai ya ga jiki ya kwanta kamar yadda yake kwantawa da TM. Ya bayyana wannan a 1975, kuma a shekarun baya ya riƙa shawartar majinyata su zaɓi kalma daga addininsu. Ƙungiyar ba ta yarda da shi ba har yau, tana cewa nata daban ne. Ni dai a shekarun da na yi ina koya wa mutane irin hanyar Benson, ban ga abin da zai sa in yarda cewa natsuwar a cikin kalmar take ba. Abin da kuɗin ke saya da gaske shi ne malamin da zai zauna da ke, da komawar da ake yi ana duba ki, da kuma nauyin cewa tunda na biya fam ɗaruruwa dole in yi. Waɗannan suna taimaka wa mutum ya ɗore, kuma ɗorewar ce ke kawo sakamako. A Amurka kuɗin ya taɓa kaiwa dala 2,500 kafin su rage.

Abin da ke bayan ƙofar farko

Ba zan daɗe a nan ba, amma ya kamata ki san gidan da kike shirin shiga zaurensa. A tsakiyar shekarun 1970 Maharishi ya fito da babban darasi mai suna TM-Sidhi, wanda a cikinsa akwai abin da suke kira tashin yogi. Mutane suna naɗe ƙafafu a kan katifar soso suna tsalle, da imanin cewa matakin farko ne na tashi sama. Ya kuma koyar da cewa in adadi kaɗan suka taru suna yi, laifi da yaƙi za su ragu a ƙasa baki ɗaya, a lissafinsu mutum dubu ɗaya sun ishi ƙasa mai mutum miliyan 100. A 1993 suka tara kusan mutum 4,000 a Washington, suka ce manyan laifuka sun ragu da kashi 23 cikin ɗari, amma da hasashen da su suka ƙirƙira suka auna, kuma kisan kai bai ragu ba. Sun kafa jam'iyyar siyasa a 1992, suka kafa abin da suka kira ƙasar zaman lafiya ta duniya a 2000, har da sarakuna masu kambi da kuɗinta mai suna Raam. A nahiyarmu ma sun samu shiga: shugaban Mozambik Joaquim Chissano ya koyi TM a farkon shekarun 1990, har aka riƙa koya wa sojoji da 'yan sanda.

Ke da kike Ingila, ga wanda ya shafe ki. A 2005 Maharishi ya ba da umarnin a daina koyar da TM a Birtaniya gaba ɗaya saboda fushinsa da manufofin gwamnatin Tony Blair, aka daina, sai a 2007 ya janye. Dabarar lafiya zalla ba ta rufuwa da buɗuwa da kalmar mutum ɗaya. Ya rasu ranar 5 ga Fabrairu 2008 a Vlodrop ta ƙasar Holan, aka ƙona gawarsa a Allahabad bisa al'adar Hindu, kuma Tony Nader, likita ɗan Labanan, shi ke jagoranci yanzu.

Don adalci, mafi yawan waɗanda suka koya ba su taɓa kusantar waɗannan abubuwa ba. Ba wanda ya bi su gida, ba wanda ya raba su da iyalinsu. Kada ki kalli abokiyar aikinki da wani ido.

Da ni ne ke

Da ba zan kai furannin ba. Ba don ina tsoron wani abu zai kama ni ba, sai don abin da nake nema ina iya samunsa ba tare da na tsaya a gaban hoton ana rusunawa ba. In har zuciyarki na son ki ƙara tabbatarwa, ki nemi malamin TM ɗin ya ba ki fassarar waƙar a rubuce, ki tambaye shi ko zai koya miki ba tare da bikin ba. Amsar da zai ba ki, ki kai wa malamin addinin da kika amince da iliminsa tare da bayanin da na yi a sama.

Ga abin da nake koya wa masu zuwa wurina. Ki sami wurin da ba hayaniya, ki zauna ki jingina, ki rufe ido. Ki saki jiki daga tafin ƙafa har fuska. Ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar kina ƙirga shida, ƙirgan shi ne abin da hankali zai riƙe. Tunani zai zo, kada ki yi faɗa da shi, ki komo kan ƙirga kawai. Minti goma ya isa a makon farko, daga baya ki kai ashirin, kuma ba a kan cikakken ciki ba. Da yawa daga majinyatana sukan tambaye ni ko za su sa tasbihi a madadin ƙirgan. Nakan ce zikiri ibada ne mai niyyarsa da ladubbansa, ba na rubuta shi kamar ƙwayar magani. Amma na sha ganin wanda ya koma yin azkar ɗinsa na safe da yamma a zaune, a tsanake, ba yana tuƙi ko latsa waya ba, ya dawo yana cewa ƙirjinsa ya saki.

Kada ki wuce ƙima. Wani saurayi ya taɓa zuwa wurina, ba a wurin TM ya koya ba, a intanet ya tsinci wata mantra, ya ji daɗinta ya mayar da ita awa uku a rana. Sai ya fara jin kamar jikinsa ba nasa ba ne, kamar yana kallon duniya ta bayan gilashi. Sai da ya daina gaba ɗaya na wasu makonni kafin ya dawo daidai. Irin wannan ba ya yawa, amma yana faruwa, musamman ga wanda ya taɓa fuskantar mummunan tashin hankali ko yake da tarihin taɓin ƙwaƙwalwa. In kika ji tsoro na ƙaruwa ko tsofaffin abubuwa masu ciwo na tasowa, ki tsaya ki ga likita.

Barcin kuwa, ina zargin tushensa agogon jikinki ne da aikin dare ya birkita, kuma rufe ido minti ashirin ba zai gyara wannan shi kaɗai ba. Ban duba ki ba, don haka ba zan yanke ba. Amma ki sa labule mai kauri ɗakin ya yi duhu sosai, ki sa baƙin tabarau a hanyar komawa gida da safe, ki daina shan kofi da shayi mai ƙarfi tun tsakiyar aikin dare, ki kuma yi magana da sashen lafiyar ma'aikata na wurin aikinki ko za a gyara miki jerin kwanakin. In rashin barcin ya haura wata uku, akwai maganin zaman tattaunawa na musamman da ake kira CBT-I, shi likitoci ke sa wa a gaba kafin ƙwaya, kuma a Ingila kina iya miƙa kanki ga sashen Talking Therapies na hukumar lafiyar ƙasar, wato NHS, kyauta. Jinin kuma, ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin cewa in an ɗora ki a kan magani ba a ajiye shi don an fara samun natsuwa. Ki riƙa auna shi a gida safe da yamma na mako guda, ki rubuta, ki kai wa likitanki lambobin.